Ba Kowace Albasa Ake Zanawa Ba

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma buɗe fayil ɗin da ka haɗo da shi. Ka ce: "Maigida, dattijon da ke gaba na gama shi tun tuni, amma kasuwar da ke bayansa ta ƙi ƙarewa. In na rage aikin bayan, ina jin kamar na ha'inci masu kalanda. In ban rage ba, ranar alkawari za ta wuce ni. Yaya zan yi?"

Ka rage, kuma babu ha'inci a ciki. Mutanen nan kalanda suka ce a yi musu, mai hoton dattijo ɗan kasuwa zaune gaban buhunan albasarsa. Abin da za su biya kuɗi a kansa shi ne fuskar dattijon, da hannunsa mai riƙe da albasa, da kuma duk wanda ya kalla ya ce lallai nan kasuwarmu ce. Kai kuwa da na bi leyoyinka, wato shimfiɗun da ka jera sassan zanen a kansu a kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar ka zana ƙusoshin kwanon rumfa, ka rubuta lambar tirelar da ke can ƙarshen layi, har ɗinkin bakin buhun da ke can ƙurya ka bi shi zare-zare. Hannunka ya faɗa, ban raina ba. Amma ja da baya daga allon ka duba: dattijon ya nutse. Ido na shiga zanen sai ya rasa inda zai sauka, domin ko'ina kiransa yake yi. Wato ba lokaci kaɗai aikin bayan ya ci maka ba, har mutumin da aka ce ka zana ya cinye.

Yi wannan gwajin a inda kake zaune. Miƙe hannunka sosai, ka ɗaga babban yatsa, ka kafa ido a kan farcen. Kada idon ya motsa, ka gwada karanta wani rubutu da ke gefe. Ba za ka iya ba. Wurin da idon ɗan Adam ke gani tangaran ɗan mitsitsi ne, kimanin digiri 2, kusan faɗin yatsan nan naka; sauran duka launi ne da siffa da motsi, ƙwaƙwalwa ke cike gurbin. In kana ciniki da mai albasa a Tsohuwar Kasuwa ta nan Sakkwato, fuskarsa kake gani. Ka san 'yan kabu-kabu na giftawa a bayansa, ka san akwai rumfuna, amma ba ƙirga su kake yi ba. Zanen da ya bi wannan hali na ido ya fi kama da gaskiya a kan wanda aka goge kowane lungu nasa.

Sai lissafi, wanda ya kamata a yi tun kafin a ɗora alƙalami. Takardar A3, in za a buga ta a ɗigo 300 kowane inci, faɗinta fiksel 3508 ne, tsawonta 4961; fiksel shi ne ɗigo ɗaya na hoto. Kan yaron nan mai tura baro a can baya na auna shi, fiksel 60 ne. Raba 60 da 300, ka samu kashi ɗaya cikin biyar na inci, kusan milimita 5 ke nan a kan takarda. A cikin milimita 5 ka yi masa ido da gira da haƙora, a kalandar da za a rataye a bango ana kallonta daga ƙofar shago. In kuma aka tura hoton ta WhatsApp ko aka ɗora a Facebook, yawancin wayoyi faɗin allonsu bai wuce fiksel 1080 ba, kan yaron ya koma ƙasa da fiksel 20, manhajar kuma ta matse hoton ta ƙara dagula shi. Abin da ba mai gani ka kwana kana yi, ga zafin garin nan fankar laftof na ta kuka, ga wuta ba tabbas.

Zumin ne ke jawo wannan. Da zarar ka matso da wani lungu ya cika maka allo, sai ya zame maka kamar shi ne zanen. Don haka in kana aikin baya, ka bar zanen gaba ɗayansa a gabanka. A manhajar zane ta Photoshop, maɓallan Ctrl da 0 ke dawo da shi daidai allo. Ka buɗe ƙaramar tagar nan mai nuna zanen a dunƙule, Navigator a Photoshop, Overview a manhajar Krita, ka riƙa satar kallonta. Duk abin da ka yi bai sauya komai a ƙaramar tagar ba, bai sauya komai wurin mai kallo ba. Buroshi ma ka ɗauki wanda ya fi abin da ranka ke so girma, ka hana kanka rage shi. Ƙaramin buroshi shi ke jan mutum zuwa ƙirgan ƙusa.

Ni yadda nake yi, gida uku nake raba zane: gaba, tsakiya, nesa, kowanne da leyarsa. Kafin in taɓa launi, ruwan toka nake shimfiɗawa hawa uku ko huɗu, daga mai duhu zuwa mai haske. Mafi hasken da mafi duhun na dattijon ne shi kaɗai: farin rawaninsa daf da inuwar da ke ƙarƙashin haɓarsa. Ido yana zuwa ne inda fari da baƙi suka yi karo, da inda bakin abu yake da kaifi. In ka bar farin tirela ya kai farin rawani, ka raba masa masu kallo ke nan. Ɗauko hoton kasuwar da ka ɗauka da waya, ka ƙanƙance ido ka dube shi. Za ka ga jerin rumfunan nan sun narke sun zama doguwar inuwa guda, da layin hasken kwano a samanta. Abin da ya rage bayan ka ƙanƙance ido, shi za ka zana.

Bari in tsaya a kan tulin albasar, don nan ka fi shan wahala. Ɗaya-ɗaya ka bi su, kowace da da'irarta da ɗigon ƙyallinta, shi ya sa suka fito girma ɗaya, haske ɗaya, tulin kuma ba nauyi. Goge su. Ɗauki laso, wato abin keɓe yanki a manhajar, ka zagaye siffar tulin duka, ka cika ta da ja mai duhu wanda ya karkata zuwa shunayya. Kulle leyar yadda launi ba zai tsallake siffar ba. Da babban buroshi ka shafa ruwan hoda mai ɗan ja a gefen da rana ke bugu, ɗaya gefen ka bar shi cikin duhunsa. Tun ba albasa ko ɗaya, ka ga tuli ya zauna a ƙasa da nauyinsa. Sai ka koma bakinsa na sama, inda ya haɗu da sarari, ka yi masa ƙulli-ƙulli, ka fitar da 'yar wutsiyar busasshen ganye nan da can, domin bakin siffa shi ke gaya wa ido ko mene ne abin. Daga nan, a kan iyakar haske da inuwa, ka zana albasa biyar ko bakwai zane na sosai, da jijiyoyin ɓawonsu da ƙyallinsu, wata babba wata ƙarama, kada tazararsu ta zo ɗaya. Biyu su gangaro kusa da ƙafar dattijo, da ɗan ɓawon da ya ɓare yana kwance a ƙasa. Cikin inuwa kada ka sa komai sai 'yan ɗigon duhu a ramukan da ke tsakani. Mai kallo zai rantse ya ga ɗari.

Bishiyar dogon yaro da ke bayan rumfa ma haka: dunƙule biyu ko uku na kore, 'yan kafofi da sararin sama ke leƙowa, ganye sai a baki-baki. Taron jama'a kuwa shafa ce ta farar riga, shafa ta shuɗin hijabi, ɗigo a sama a matsayin kai, babu fuska. Abu biyu kawai za ka kiyaye a nan. In ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kuma a tsaye aka ɗauki hoton, kawunan mutanen da ke tsaye kusan layi ɗaya suke, na kusa da na nesa. Ƙafafunsu ne ke hawa sama gwargwadon nisansu. Inuwoyinsu kuma duk gefe ɗaya za su kwanta, gefen da ta dattijo ta kwanta. Ka kuskure waɗannan biyun, ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba zai ji wani abu bai yi daidai ba, ko da ya kasa faɗin mene ne.

Darussan da kuke kallo a intanet za su ce maka abin nesa shuɗi-shuɗi yake komawa. Tsohuwar magana ce, Leonardo da Vinci na Italiya, wanda ya rasu a 1519, ya rubuta ta, kuma gaskiya ce in iska a wanke take, kamar bayan ruwan Agusta. Amma kalanda ta farkon shekara ce, lokacin hazo. Je ka bakin Gulbin Rima da safiyar Janairu ka dubi tsallake: babu shuɗi, fari-fari ne mai ruwan ƙasa, itatuwa sun zama inuwa kawai, ƙasa da sama sun kusa haɗewa. Mu nan hazo kyauta ce aka ba mai zane. Saka sabuwar leya tsakanin tsakiya da nesa, ka cika ta da launin ƙura, ka rage ƙarfinta zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Rabin abin da kake fama da shi a can baya ya lafa, kuma hoton ya ƙara zama na Sakkwato. Kada dai ƙurar ta hau kan dattijo.

Na san abin da ke ranka: me zai hana in danna abin dusasa hoto a kan leyar baya in huta? Yana da wurinsa, kaɗan, a kan abin da ya fi komai nisa. Amma in ka dusasa bayan duka, dattijon zai fito kamar an yanko shi da almakashi an manna, bayan kuma ya zama dishi-dishin da ke sa ido ciwo. Na'ura ba ta san rumfa da tirela ba, komai ɗaya take narkarwa. Kai ne ka san wane baki za a bari da kaifi, kamar layin kwanon da ke nuna inda kasuwa ta dosa, da wanda za a bari ya ɓace. Dubi babbar riga mai aska takwas: aikin allura a wuya da aljihu da ƙirji ya taru, sauran yadin an bar shi fili, kuma ba wanda ya taɓa cewa maɗinki ya yi ha'inci. Da an cika ta da zare tun daga wuya har ƙasa, da askar ba ta fito ba.

Akwai inda ba a ragewa, kada ka ɗauki maganata ka yi gaba da ita ko'ina. In aka ce ka sa Hubbaren Shehu a baya, ko ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ko Masallacin Shehu, to mutanen gari sun san su kamar yadda suka san gidajensu. Kana iya barin tsagar bango da ƙyallin fenti, amma tsawo da faɗi da yawan ƙofofi da inda hasumiya take, sai ka je ka duba ka auna da ido. Haka in mai aiki ya ce shagonsa yake so a gane, allon shagon ya shiga cikin abin da aka saya. Batun rubutu kuma ka kiyaye shi ƙwarai: ko dai ka rubuta abin da ake iya karantawa, ko ka bar allon fili da launi ɗaya. Kada ka kuskura ka yi 'yan lanƙwashe-lanƙwashe masu kama da Larabci ko ajami don cike wuri. A garin nan ko ƙaramin almajiri zai tsaya ya gwada karantawa, ka jawo wa kanka da masu kalanda maganar da ba a nema ba.

Rumfar nan ta hagu da ka riga ka sha wahalarta, da babur ɗin, kada ka zubar. Buɗe wani fayil daban ka riƙa tara irin su: rumfa, baro, dogon yaro, babur, raƙumi, buhu. Wani aikin in ya zo sai ka ɗauko, ka juya shi, ka sauya girma da launi, ka bi ta kai da buroshi don kada a gane abu ɗaya ne aka maimaita. Hoton da za ka ɗora a ƙasa ka bi kuma ya zama wanda kai ka ɗauka da wayarka, ba na wani da ka tsinta a intanet ba.

Yanzu ga abin da za ka yi da wannan fayil. Ajiye kwafi da wani suna tukuna. A sabon, ka haɗe leyoyin baya su koma biyu, tsakiya da nesa. Bi ta kansu da babban buroshi ka kashe ƙusoshi da lambar tirela da fuskokin nesa, ka sauke farin tirelar ya koma ruwan toka, ka sa hazon, ka sake tulin albasar yadda na faɗa. Sa agogon waya, kada aikin bayan ya wuce daga azahar zuwa la'asar. In ka gama, ka tura wa kanka hoton ta WhatsApp ka dube shi a waya, sannan ka buga shi a takardar A4 ko da fari da baƙi ne, ka manna a bango, ka koma bakin ƙofa ka kalla. In idonka ya fara sauka a fuskar dattijo, ka kawo mini da safe mu duba hannunsa na dama, domin yatsun da ke riƙe da albasar suna bukatar gyara, kuma can nake so sauran lokacinka ya tafi.