Mustang ta 2013 ko ta 2016: wacce ta fi daɗin zama?

Ɗan'uwa, ka ce kana tsakanin motar Ford Mustang ta 2013 da ta 2016, wacce ba za ta karya maka ƙugu ba a titunan Accra. Ta 2016 ce, babu ja. Duk ƙirar 2005 zuwa 2014 gatari ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyin baya, in ta dama ta faɗa rami sai ta hagu ma ta amsa, bayan motar ya yi tsalle gefe. Daga 2015 Ford ta raba su, kowace taya na shan gargadarta ita kaɗai. A kwalta mai santsi ba lallai ka ji bambancin ba, amma ka shiga da ita lungunan unguwannin Nima ko Mamobi, jikinka zai gaya maka.

Sai dai da sharaɗi: duba wili kafin ka duba shekara. Na zauna a ta 2016 mai wili inci 20 da taya siririya kamar faifai, wallahi ta 2013 mai inci 17 ta fi ta laushi nesa ba kusa ba. Kowane tudun rage gudu sai haƙorana sun haɗu. Nemi mai inci 17 ko 18. Kuma tun da da yawa daga motocin da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema sun taɓa haɗari a Amurka, sa bakanikenka ya ɗaga ta ya leƙa shakazoba da hannuwan da ke riƙe tayoyin baya. Kayan bayan sabuwar sun fi yawa, in ɗaya ya lanƙwashe za ka sha zirga-zirgar Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota.