Kafin ka kira direba, sunan wa fada ta sani a kan gonar Buipe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar masara ne a Kumasi, ina zaune a Aboabo. Shekara 14 ina noma wani fili a hanyar Offinso, a can kuma nake kiwo. Bana sarkin garin ya aiko in tashi bayan girbi, za a yanka wurin fuloti. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana Buipe a arewacin Ghana, ya samo mini eka 120, na tura masa sidi 70,000 kashi-kashi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na goron sarki da na sassabe. Ya ce in muka yi shekara uku za mu ninka abin da muka zuba sau uku. Ina da shanu 32, tumaki 45, kaji, tarakta da garmarta, injin sussukar masara da aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya), ga iyali mutum 11. Wani direba ya ce zai kwashe komai a sawu uku. Ina kuma tunanin sayar da gidan Aboabo in yi gini a can. Babbar mota ɗaya ta fi ko ƙanana? Kuma wane wata ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa tashin ya zama alheri. Zan zo kan mota da wata, amma ba su suka tsaya mini a rai ba. A duk saƙonka ba ka ambaci takardar fili ba, ba ka kuma ce ka taka gonar nan da ƙafarka ba.

Dubi abin da ya tashe ka daga hanyar Offinso. Shekara 14 kana noma, kana kai gaisuwa fada, amma ranar da gari ya matso, fuloti ya fi masara kuɗi, sai aka aiko ka tattara. Ba ka iya cewa uffan ba, don ba ka da abin nunawa. Yanzu za ka kwashi mutum 11 da dukiyar da ka tara tun ƙuruciya ka kai su kan wani filin da shi ma da baki aka ba da shi. A can baya ma ka fi ƙarfi, don kai sarkin ya sani. A Buipe ƙaninka aka sani. Wanda ya durƙusa gaban sarki ya miƙa goro, shi aka ba fili, kai kuwa a idon fada baƙon ƙaninka ne. Wannan cinikin biri a sama ne, Alhaji, kuma har ka biya.

Ba na cewa ƙaninka macuci ne. Mai yiwuwa ya fi kowa son ka da alheri. Amma gaya mini, cikin 70,000 ɗin nan nawa ya shiga fada, nawa masu sassabe suka karɓa, nawa ya tafi a man babur da cefanen gidansa? Ba ka sani ba, kunya kuma ta hana ka tambaya. Kunyar nan za ta ci maka fiye da abin da direba zai ci.

Akwai wani mai hatsi a Asawase da ya taɓa zuwa wurina da irin wannan. Wansa ne ya samo musu fili a wajen Atebubu, shi ya yi ta tura kuɗi, aka haƙa rijiya, aka gina rumbu da ɗakuna. Mutumin kirki ne wan nan, bai ci masa ko sisi ba. Sai Allah ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar arba'in 'ya'yan marigayin suka sa gonar a lissafin gado, kuma ba ƙarya suka yi ba, don sarki da dattawan gari ubansu suka sani. Na ga bawan Allah nan zaune gaban malamai da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, yana ta murza ta da yatsa yana neman saƙonnin MoMo na shekarun baya, rabinsu sun goge. Waɗanda suka rage ma sun nuna ya tura kuɗi ne kawai, ba su nuna na mene ne ba. Ɗan wan nasa ya ce ai taimako ne Baba yake yi wa mahaifinmu. Gonar ta tafi, gaisuwar Sallah ma ta yanke tsakanin gidajen biyu.

To, ga abin da za ka yi kafin ka ɗaure ko akuya. Ka hau mota a tashar Tamale ka sauka Buipe, tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, ta Techiman da Kintampo. Ƙaninka ya kai ka fada, a gabatar da kai da sunanka a matsayin mai neman filin. Ka sani cewa abin da za ka samu haya ce ta shekaru, ba saye ba. Kundin tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da filin sarauta saye na har abada, na sarakunan da ke zama kan kujera ne a ƙasar Asante ko na masu zama kan fata a Arewa, Dokar Filaye ta 2020 kuma ta tsaya a kan haka. Wanda ba ɗan ƙasa ba hayarsa ba ta wuce shekara 50, saboda haka ka tafi da Ghana Card ɗinka, katin shaidar ɗan ƙasa, kada wani ya ji Hausa a bakinka ya fara yi maka lissafin baƙo. Mai gari ƙarami zai iya nuna maka daji, amma a ƙasar Gwanja, inda Buipe take, sarauta hawa-hawa ce, ka tabbata wanda ke da ikon bayarwa shi ya sa hannu, da dattawansa. Takardar alokeshan da ake bayarwa a fada matakin farko ce kawai. Ka ɗauki safiyo mai lasisi ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da taswira, ka kai ta ofishin Hukumar Filaye na yankin a bincika ko an riga an ba wani wurin, sannan a rubuta yarjejeniya a yi mata rajista. Kada ka yi mamaki in eka 120 da aka nuna da hannu, daga waccan ɗorawa zuwa wancan rafi, ta koma 80 a na'urar safiyo.

Takarda ta biyu tsakaninka da ƙaninka ce, kuma ita ta fi wuyar buɗe baki. Shi mene ne a wannan gona? Abokin tarayya ne mai kaso, ko ma'aikaci mai albashi, ko wakili da za a sallama da alheri? In ba ka faɗa yau ba, shi zai faɗa wa kansa, kuma abin da zai faɗa ba zai yi daidai da naka ba. Ku zauna da shaidu biyu, ya kawo lissafin kuɗin da ka tura, a rubuta. In ya ɓata rai, tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware ɗan uwa ba.

A cikin yarjejeniyar fada ka sa a rubuta maganar shanu ƙarara: an yarda ka ajiye garke, ga inda za su sha ruwa, ga hanyar da za su bi, ga wanda zai yanke diyya in sun yi ɓarna. Mu da ke Kumasi ba ma bukatar a ba mu labarin rikicin manoma da makiyaya na garin Agogo. A 2012 babbar kotu a nan garin ta ba da umarnin a fitar da shanu daga filayen can, alhali wasu masu shanun da yardar sarakuna suka shiga. Sa hannun sarki bai isa ba in manoman da ke maƙwabtaka da kai ba su san da zuwanka ba, don haka ka zagaya ka gaishe su. Ka tambaye su kuma, ba ƙaninka ba, inda ruwa ke tsayawa a watan Satumba da Oktoba. Buipe a bakin Baƙin Volta take, ambaliya ta sha cin garin, har a 2023. Filin da ya yi kyau lumui a watan Janairu yana iya zama tafki da kaka. Kaɗanya da ɗorawar da ke ciki ma ba naka ba ne ka sare yadda ka ga dama, matan gari suna da tsohon haƙƙi a kansu.

Maganar ninki uku a shekara uku kuwa, ka bar ta a inda ka ji ta. Da haka noma yake, da ba wanda zai zauna a kasuwar Kejetia yana shan rana. A hanyar Offinso damina biyu kake samu, masara sau biyu, kuɗi sau biyu. A Buipe ka yi lissafi da damina ɗaya. In ka girbe ta ƙarshe a nan a Disamba ko Janairu, can sai Mayu ko Yuni za ka yi shuka, girbi sai wajen Oktoba. Wata goma ke nan mutum 11 suna ci, ba buhu ɗaya da ya shigo daga gona. Wannan gibin shi ne ainihin kuɗin ƙaura, ba kuɗin mota ba. Ka ware abincin gida da kuɗin makaranta na shekara guda cur, kada ka taɓa su. Sabon daji kuma tarakta ba ta shigarsa sai an tone kututture, in ba haka ba faifan garma za ka yi ta canjawa. Shekarar farko ka noma eka 20 zuwa 30, ka ga halin ƙasar.

Shanu: me zai sa ka kai su Arewa? Kowace rana motoci na sauko da shanu daga Burkina, ta Paga da Bawku, zuwa mayankar Kaase da kasuwar Tulaku ta Ashaiman, don nan ne suke da tsada. Kai kuma za ka biya mota ka ɗauke su daga inda suke da daraja zuwa inda suke da araha, ga Buipe da kasuwar shanunta. Ka sayar da bijimai da tsofaffin shanu a Kaase, ka riƙe karsanai da shanun da ka san jininsu, goma ko sha biyu, sauran ka sayi na can da suka saba da ciyawa da ruwan wurin. Raguna ka jira da su Layya in ta kusa. Kaji kuwa ka sayar ko ku ci, annobar da ke zuwa da hunturu ba ta barin wahalar ɗaukarsu ta biya. Sai dai kada ka sayar da wuri ka zauna da sidi a hannu wata shida. Wanda ya ga 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, ya san kuɗin saniya goma na iya komawa na bakwai yana kwance a asusu.

Waɗanda za su tafi, ka je ofishin likitan dabbobi na gundumarku makonni kafin ranar, a duba su, a yi musu rigakafin ciwon huhu da sauran abin da ya ce, ka karɓi takardar izinin tafiya da dabbobi, don za a neme ta a shingayen hanya. Ka yi masa maganar sammore, bakin kogi ba ya rasa ƙudan tsando. Saniya mai tsohon ciki ba ta hawa mota. A zuba yashi ko ciyawa a ƙasan motar, kada a cusa su, a raba maruƙa da manya, a tashi da yamma ko da asuba. Na taɓa tsayawa a Kintampo da tsakar rana na ga motar da aka cika fiye da kima, saniya ɗaya ta faɗi sauran sun tattake ta, yaron mota yana jan wutsiyarta ta ƙi tashi, dole aka sa wuƙa a bakin titi, mahauta suka saye ta a kuɗin da suka ga dama. Kuma kada ka sauke su a Fabrairu ko Maris, lokacin an ƙone daji, ba ciyawa ba ruwa. Ka bari sabuwar ciyawa ta fito, shinge da makiyayi suna jiran su.

Tarakta ita za ta riga kowa, a Maris ko Afrilu, kafin hanyar gona ta yi laka. Ka kai ta Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, a duba ta tsaf, ka sayi bel, filta da sauran ƙananan kayan da ke yawan lalacewa, don a can abin sidi hamsin zai iya tsayar da kai mako guda. A ɗora ta a mota, kada ka bari wani ya tuƙa ta har Buipe don tsimin kuɗi. In ta isa da wuri za ta yi wa mutane huɗa, ta fara mayar da kuɗin hanyarta.

Ka ga amsar babbar mota ko ƙanana ta fito da kanta: ba rana ɗaya ba ce, ba kuma mota iri ɗaya ba. Injuna daban, dabbobi daban da direban da ya saba ɗaukar shanu, kayan ɗaki daban. Mutumin da ya ce zai kwashe komai a sawu uku bai ga kayan ba tukuna. Ka ji farashi daga mutum uku a tasha, ka ɗauki wanda shugabannin tashar suka sani, kafin alƙalami kada ya wuce rabi, ragowar sai an sauke an ƙirga. Duk abin da ka lissafa na hanya, ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku.

Gidan Aboabo kada ka sayar. Gida a cikin Zangon Kumasi in ya fita hannunka ba za ka sake sayen irinsa da kuɗin masara ba. Hajiya da yaran makaranta su zauna a ciki har ka ga girbi ɗaya a Buipe, kai da manyan samari ku tafi ku yi ɗaki biyu na ƙasa da kwano. Rumfarka ta masara ma ta ci gaba da buɗewa, don ita za ta sayar da abin da za ka noma can. In akwai ɗakunan da suka rage a gidan, ka zuba 'yan haya, kuɗinsu ya riƙe cefane daga Janairu zuwa Oktoba.