Nutso a tsibiran Similan: jirgin daren Lahadi bai dace ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya yin nutso da tukunyar iska Asabar da Lahadi a tsibiran Similan na Tailan, sannan ka kama jirgin sama daga Phuket a daren Lahadin. Kada ka yi. Nutso sau da yawa yana tara iskar naitirojin a jiki, kuma matsin iska a cikin jirgin sama ya yi ƙasa, don haka naitirojin ɗin tana iya zama kumfa a jini da gaɓɓai: ciwon gwiwa, mutuwar hannu, wani lokaci shanyewar jiki. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ce a jira aƙalla awa 18 bayan nutson ƙarshe kafin a hau jirgin sama. Awa 24 ta fi kwanciyar hankali. Mayar da tikitinka Litinin da yamma.

Ana buɗe tsibiran ne daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Mayu, jiragen ruwa kuwa suna tashi daga wajen garin Khao Lak. Da takardar Open Water, wato shaidar matakin farko ta koyon nutso, iyakar zurfinka mita 18. Kafin ka fito, tsaya minti 3 a zurfin mita 5, da sauran iska bar 50 (ma'aunin matsin iska) a tukunyar iskarka. Maganin jirin teku kuma, sha shi tun kafin jirgi ya tashi.