Amsa kan hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba

Malam, ka tambaya ko alƙali zai karɓi bindigar da 'yan sanda suka zaƙulo a ƙarƙashin gadon mutum ba tare da takardar izinin bincike ba. Ya danganta da ƙasa. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Mapp a 1961, galibi watsi ake yi da ita, ko da ga ta ƙuru-ƙuru a kan teburin kotu. A Najeriya kuwa, sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓa, sai idan alƙali ya auna ya ga illar karɓar ta rinjayi amfaninta. Ni dai wannan sassauci bai kwanta mini ba. Amma amsa laifin da aka tatso da duka, sashe na 29 ya hana karɓarsa.