Fentin ƙaramar motata ya yi gurji-gurji, gilashin kuma ya yi fari: ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwana ya kawo mini tsarabar motar haɗawa ta roba, ƙirar Tamiya, ma'aunin 1:24. Na haɗa ta, na sayi jan fentin gwangwani a kasuwa na fesa mata da sassafe a tsakar gida, a watan Janairu. Da ya bushe sai rufin ya yi kaushi kamar an barbaɗa yashi, bonet ya tattare, gilashin gaba da na manna da sufa gulu kuma ya yi fari fat. Za ta gyaru, ko in haƙura? Daga wani mai karatu a Rikkos, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ta gyaru, amma sai ka wanke fentin gaba ɗaya ka sake daga tushe. Matsaloli uku ne suka haɗu maka, kuma kowacce da sanadinta.

Mu fara da bonet, don shi ne ya fi jin jiki. Robar da ake yin waɗannan motoci da ita sunanta folistirin, kuma ba ta jure sinadarin narkarwa mai ƙarfi. Yawancin fentin gwangwani na kasuwa an yi shi ne don ƙarfe da katako, tinar da ke cikinsa, wato sinadarin narkarwar, tana da zafi. Da ka zuba shi da kauri a kan roba tsirara, sai tinar ta ci saman robar, ta tausasa shi, ya kumbura ya tattare kafin fentin ya bushe. Bonet shimfiɗaɗɗe ne, fenti yana kwanciya a kansa ya daɗe jiƙe, shi ya sa ɓarnar ta taru a wurin. Wato ba fentin kaɗai ya yamutse ba, har robar da ke ƙarƙashinsa.

Kaushin rufi kuwa aikin hunturu ne. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka kusa da digiri 10. Gwangwani mai sanyi ƙarfin iskarsa raguwa yake yi, sai ya riƙa tofar da fenti ɗigo-ɗigo maimakon ya watsa shi laushi kamar hayaƙi. Ga iskar hunturu busasshiya, wadda ke shanye tinar tun fentin yana hanya, ya sauka a jikin mota rabin-busasshe, ya kasa bajewa. Sannan ga ƙura. Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: idan ka goge roba da busasshen ƙyalle a lokacin hunturu, tana ɗaukar irin lantarkin nan da ke sa matajin roba ya ja gutsattsarin takarda, sai ta riƙa janyo ƙura da kanta. A ma'aunin 1:24 komai yana ninkuwa sau 24. Ƙwayar yashi mai rabin milimita a jikin motarka daidai take da tsakuwa mai milimita 12 a jikin motar gaske, don haka ido ba ya tsallake ta.

Yanzu wankewa. Ɓalle gilashi da fitilu da tayoyi a hankali, ka ware bodin shi kaɗai. Ka sami mazubin roba mai murfi ka nutsa bodin cikin sifirit na isofirofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan asibiti da na sinadarai. Bar shi awa huɗu zuwa shida, ka gwada da tsohon buroshin goge baki. In bai saki ba, ya kwana. Idan fentin na mai ne ya ƙi sifirit, man birki DOT 3, wanda ba ya wuyar samu a Dilimi, yana ɗaga shi, amma kada ya wuce kwana ɗaya a ciki, domin yana sa roba ta yi gautsi, siraran ginshiƙan da ke riƙe rufi su karye. Sa safar hannu. Tinar masu fentin mota, da fetur, da ruwan goge jan farce, kada ko ɗaya ya taɓa bodin. Narkar da shi za su yi ya zama kamar ƙaro. Bayan fenti ya fita, wanke da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi.

Daga nan sai samfefa, irin baƙar nan da ake jiƙawa. Inda bonet ya tattare, fara da lamba 600, kana tsoma ta a ruwa, har sai yatsa ya daina jin tudu da kwari, sannan ka bi da 1000, wadda ta fi laushi (lamba na hawa, laushi na ƙaruwa). Sauran jikin 1000 ta isa. Naɗa samfefar a kan ɗan guntun soson silifa don kada yatsunka su haƙa rami. Ka kuma duba siririn layin da injin zubi ke bari, wanda yawanci ke bi ta saman fitilu ya gangara gefen rufi. Kankare shi da bayan reza. Layukan ƙofa da na but ka bi su da tsinin allura sau uku ko huɗu ba tare da dannawa ba, saboda fenti hawa shida zai cike su in ba a zurfafa ba. Sake wankewa, ka bar iska ta busar da shi a cikin rufaffen kwali, ban da goge shi da ƙyalle.

Abin da ka tsallake a karon farko shi ne faraima, fentin shimfiɗa. Ita ce katanga tsakanin roba da tina, ita ce kuma ke tona karce da ramukan da ido bai gani ba. Nemi wadda aka rubuta cewa ta roba ce. Tunda ja kake so, ɗauki fara ko ruwan hoda; ja a kan ruwan toka yana fitowa duhu-duhu kamar hanta. Hawa biyu sirara, minti 15 tsakani, ta kwana, washegari ka shafe ta da 1500 da ruwa.

Fentin TS na Tamiya, mai mililita 100, an yi shi ne musamman don wannan roba, kuma gwangwani ɗaya kan ishi bodi ɗaya in ba a yi ɓarna ba. Matsalar ita ce gwangwanin feshi yana cikin kayan da ake taƙaita ɗaukarsu a jirgin sama, shigo da shi yana da wuya. Saboda haka fentin kasuwa ba abin rainawa ba ne, in dai an gwada shi tukuna. Kada ka zubar da firam ɗin robar da ka yanke sassan motar daga jikinsa. Roba ɗaya ce da bodin. Fesa masa faraima, ka bi da fentin, ka bi da kiliya, wato fenti garau marar launi da ake fesawa a ƙarshe don sheƙi, ka jira kwana biyu. Abin da ya faru da shi, shi ne zai faru da motar. Ka riƙe wannan ƙa'ida kuma: fenti mai zafin tina yana zama a ƙasa, mai sanyi a sama. Fentin mai ko na ruwa zai hau kan laka (lacquer, fenti mai zafin tina) lafiya, amma laka a kan fentin mai tattarewa take sa shi.

Ga yadda za ka fesa a garin Jos. Bar sassafe, yi tsakanin ƙarfe 11 na safe da 2 na rana, lokacin da gari ya ɗan yi ɗumi, a cikin ɗaki ko gareji mai buɗaɗɗiyar taga inda iska ba ta kaɗawa kai tsaye. Yayyafa ruwa a daɓe minti 10 kafin ka fara, ƙura ta kwanta. Tsayar da gwangwanin cikin ruwa mai ɗumin da hannu zai iya zama a ciki har minti 10, ban da ruwan zafi, ban da kusantar wuta ko rushi, don yana iya fashewa. Goge shi, ka girgiza minti biyu cur. Manna bodin a kan gorar ruwa da tef ta ciki, ka sami mariƙi. Tazara santimita 15 zuwa 20 a hunturu, kusan taƙi guda. In ka ja baya zuwa 30, kaushin nan zai dawo. Danna kan gwangwani kafin ka iso motar, ka wuce ta, sannan ka saki. Hawa biyu na farko su zama fesi-fesi, har kana hango faraima ta ciki. Na uku da na huɗu ne za ka rage saurin hannu har fentin ya yi sheƙin jiƙa, ka tsaya nan kafin ya zubo. Minti 15 zuwa 20 tsakanin kowane hawa, kuma da ka gama hawa ɗaya, kifa masa babbar roba mai tsabta. Sa takunkumi mai matatar sinadari. Na ƙyalle ƙura kawai yake tarewa.

Damina ma tana da nata sharrin. A Yuli da Agusta, idan aka fesa laka ko kiliya ana cikin laima, danshi yana shiga fentin ya yi fari-fari kamar an hura wa madubi numfashi. A ganinmu babu lokacin da ya kai ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba.

Bayan launi, kiliya hawa biyu ko uku. Akwai kiliyar masu fentin mota da ake gauraya wa hadina, wato sinadarin da ke sa ta taurare. Tana sheƙi sosai, amma tururinta yana lahanta huhu, ba ta aikin cikin gida ba ce. Sai haƙuri: laka ta yi mako guda kafin ka taɓa ta da samfefa, fentin mai kuwa mako biyu zuwa uku. Shinshina shi, in har yana warin tina bai nuna ba. Idan ya bushe, bi shi da 2000 da ruwa, sannan 3000, ka gama da man goge fenti da tsohuwar rigar auduga mai laushi. Kauce wa kaifin gefuna, nan fenti ya fi siranta, shafa biyu ka ga faraima ta leƙo.

Gilashi kuwa, tururin sufa gulu ne ya sauka a kansa ya daskare. In farin bai yi zurfi ba, farin man goge baki da auduga za su cire shi. In ya yi, fara da 2000, ka bi da 3000, sannan man goge fenti, a hankali don robar gilashi saurin tsagewa gare ta. Wajen mayar da shi, yi amfani da farin gam na kafintoci irin Top Bond, wanda ke bushewa garau. Ɗebo shi da tsinken sakace, ɗigo ɗaya a kowace kusurwa, ka riƙe gilashin da tef ɗin takarda har ya kwana.