Tsohuwar a-kori-kura da aka sabunta: a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Akwai wata a-kori-kura Peugeot 504 da anka sa kasuwa nan cikin Sakkwato. Mai ita ya ce ta shekarun 1980 ta, amma an sake ta gaba ɗai: sabon fenti, an cire injinta an sa na Toyota da giya biyar, an sa AC da sitiyari mai taushi, ga wili na alminiyam da fitilun LED. Ni manomi na, albasa da shinkafa nika ɗaukowa daga wajen Goronyo zuwa gari, wani lokaci har Illela. Kuɗin da ya faɗi sun yi kusa da na tsohuwar Hilux. Mi ya kamata in duba kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Motar kanta ba abin rainawa ba ce. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, shi ya sa da wuya ka shiga garejin da babu wanda ya san cikinta. An yi ta ne don kaya kimanin tan ɗaya. Sai dai wadda aka nuna maka ta tashi daga Peugeot, kuma ba ta zama Toyota ba. Duk sabon abin da aka ɗora mata ya jingina ne da wani tsohon ƙarfe da ba a ƙera shi don wannan aikin ba. Can mahaɗar tsoho da sabo za ka kai idonka, fenti ya zo daga baya.

Fara da zafi, don shi ke kashe irin waɗannan motoci a ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Injin fetur na asali bai wuce lita 2.0 ba, kuma daidai shi aka auna lagireto. Ka tambayi mai motar wane inji ne takamaimai, don "na Toyota" ba amsa ba ce. 3Y lita 2.0 ne, 22R lita 2.4, 2L kuma dizal ne mai lita 2.4, ya fi su nauyi, yakan sa gaban mota ya sunkuya. Idan an sa babban inji an bar tsohon lagireto, matsala ɗaya ke nan. Ta biyu AC ne: kwandensarsa gaban lagireto take zama, iska sai ta ɗebi zafinta kafin ta isa ruwan inji, ga kwamfuresa na jan ƙarfin inji. Aikin kirki shi ne a ga lagireto mai layi uku ko na alminiyam mai kauri, da murfin da ke kewaye fanka yana tilasta iska ta bi ta cikin lagireton, da ƙarin fankar lantarki da ke tashi da zarar an kunna AC.

Kada ka yarda da gwajin safe. Ka ce a haɗu da ƙarfe biyu na rana, a ɗora buhun siminti 15 zuwa 20, kowanne kilo 50, a kunna AC, ku bi hanyar Illela daga Sakkwato har Kware ku dawo. Da kun dawo a bar ta a tsaye tana aiki minti 15, AC a kunne. Allurar zafi ta zauna tsakanin digiri 80 da 90. In tana hawa a tsaye tana sauka a guje, fanka ce ta gaza. In a guje take hawa, lagireto ya yi ƙanƙanta ko ya toshe. Allurar da ba ta motsa ba ko kaɗan ita ma abin zargi ce, don sau da yawa agogon Peugeot ba ya jituwa da na'urar auna zafi ta injin Toyota, wasu kuma cire wayar kawai suke yi. Kafin ku tashi, tun inji na da sanyi, buɗe murfin lagireto a tayar da mota. Kumfa mai tasowa ba tsayawa alama ce gasket ya ƙone. Haka in ka ga baƙin mai ya yi fari-fari a ƙarƙashin murfinsa. Ka kuma tambaya ko tamostat, na'urar da ke buɗe wa ruwan inji hanya in ya yi zafi, na nan. Makanikai da yawa na cire shi da sunan maganin zafi, alhali ɓoye ciwon kawai suka yi, kuma a sanyin hunturu inji ba zai kai zafin aikinsa ba, sai ya riƙa shan mai.

Daga nan a hau da ita kan rami. Injin 504 a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45, na Toyota kuwa a miƙe yake. Dole ne an yanka an yi sababbin kujerun inji. Duba su: farantin ƙarfe mai kauri da walda mai santsi, da roba tsakanin inji da jiki. In ƙarfe ne kan ƙarfe, girgiza za ta tsattsaga wurin cikin 'yan watanni. Tsakanin kaskon baƙin mai da sandar sitiyari a sami tazarar da yatsa biyu za su shiga, in ba haka ba ramin farko a hanyar Goronyo zai haɗa su. Farfela ma, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, an rage ta ko an ƙara mata tsawo don ta dace da sabon giyabos. In ba a daidaita ta a injin juyi ba, za ka ji kujera na rawa wajen gudun kilomita 70 zuwa 90, sannan ta riƙa cin ƙurosa, wato gaɓar farfelar, da silin aksul ɗin baya. Sitiyari mai taushi kuwa, a juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe mota na aiki: kada famfonsa ya yi kuka, kada tiyo ya yi gumin mai ko ya kusanci salansa.

Wuta ita ce wurin da aka fi yin ha'inci, domin tana ɓoye bayan dashbod. Altanetocin wancan zamanin, masu cajin batir, ba su cika wuce amfiya 50 ba, AC da fankar lantarki kaɗai na iya cinye fiye da rabin haka. Ana son mai amfiya 70 zuwa 90. Ka je da rewaya ya sa mita a batir, inji na aiki, an kunna AC da fitilu: ya nuna bolt 13.8 zuwa 14.4. Ƙasa da 13, batir kake ci. Ya leƙa ƙarƙashin dashbod ya gani ko kowane sabon abu na da fiyus da rile nasa. Wayar shekara arba'in da aka fere aka murɗa mata sabuwa aka naɗe da salatif, ita ke tayar da gobara.

Wilin alminiyam ba na mai albasa ba ne. Na ƙarfe in ya lanƙwashe a rami ana buge shi, na alminiyam tsagewa yake. Ka nemi a mayar da na ƙarfe da tayar kaya mai harafin C ko LT. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Birki kuma a gwada shi da kayan nan a kai. In mota ta ja gefe, ko feda ta riƙa nutsewa a hankali, a buɗe dram ɗin baya a duba yoyon man birki, a sake tsofaffin tiyon roba duka.

Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta yi mana yawa ba, amma motar da ta yi shekaru tana dakon takin zamani, gishiri ko ɗanyar fata takan ruɓe daga ciki. Ɗaga shimfiɗar ƙafar direba, duba ƙarƙashin batir, da saman shokozoban gaba, da kunnuwan da sifirin ɗin baya ke rataye. Bi jikinta da ƙaramin maganaɗisu; inda ya ƙi kamawa fila ce aka cika, wato ƙullun da masu fenti ke cike lotsawa da shi. Fila a ƙofa ba komai, a rage kuɗi. Amma walda a ƙarfen shasi, musamman bayan gidan direba inda nauyin kaya ke lanƙwasawa, ko baƙin fenti mai kauri da aka shafe ƙasan da shi kwanan nan, wannan ni a wurina ya isa a fasa ciniki.

Takardu a nan sun fi na kowace mota muhimmanci, saboda lambar injin da ke rubuce ba ita ce a jikin mota ba. Ka karanta lambar shasi da idonka ka gwada da takarda. Ka nemi rasiɗin sayen injin, da shaidar an shigar da canjin inji da na launi a rajistar motoci ta 'yan sanda, sannan a yi canjin mallaka da sunanka, VIO, jami'an duba motoci, su ba da takardar lafiyar mota. In ba haɗin Kaduna ba ce, ta Nijar ta shigo, sai da takardar kwastan, balle kai da ke bin hanyar Illela mai shingaye.

Batun kuɗi, ra'ayina a fili yake. Wanda ke son ta don sha'awa, ya riƙa fita da ita ranar Juma'a ko biki, yana iya biyan kuɗin ado. Kai da za ta yi maka dako, in farashinta ya kai na Hilux mai lafiya, Hilux ta fi maka, don duk kayanta na gida ɗaya ne. In kuwa ta ci gwajin rana da na rami, kuma mai ita ya sauko sosai, ka saya, amma ka sa ya rubuta maka daga wace mota aka ciro inji, giyabos, kuloci, altaneta, kwamfuresa da famfon sitiyari, da sunan garejin da ya yi aikin. Ranar da ka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman faifan kuloci, wannan takardar za a karanta wa mai shago, don in ka ce masa na 504 kake so, wanda ba zai shiga ba zai aiko maka.