Bargunan da Mama ta bari: wa ke da ikon bayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Mahaifiyarmu ta rasu wata 5 da suka wuce, ta bar barguna 12 da ta ɗinka da hannunta, irin waɗanda ake harhaɗa ƙyallaye, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi da allura. Wani sai ta shekara tana kansa. Mu 3 ta haifa, yayana namiji da ni da ƙanwata. Mahaifinmu da iyayenta duk sun riga ta. Ɗaya ta ba ni tun tana da lafiya, na kai gidana. Ɗaya takan ce na 'yata ne, jikarta, kuma takan ce a kai wasu gidan marayu. Ɗaya kuma ta miƙa wa ƙanwata a kan gadon jinyarta ta ƙarshe. Yanzu duk suna wurina. Ina so in ajiye 3 in rabar da sauran, yayana ya ce a sayar, ƙanwata kuwa ko taɓa su ba ta so a yi. Ni na yi jinyar Mama. Ina da ikon yin abin da na ga ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Mama, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ya saka miki a kan ɗawainiyar da kika yi.

Ki dakata da rabon nan tukuna. Daga ranar da Mama ta cika, duk abin da ta mallaka ya koma tarayya tsakanin magadanta, tun daga gida har allurar da take ɗinki da ita. Zaman bargunan a ɗakinki amana ce a hannunki. Jinyar da kika yi lada ce babba, amma ba ta ƙara miki ko ƙyalle ɗaya a kason gado. Idan kika bayar da bargon da yayanki da ƙanwarki ke da haƙƙi a ciki ba da yardarsu ba, suna iya neman a dawo da shi, in ya salwanta kuma ke za ki biya ƙimar kasonsu.

Sai dai ba duka 12 ɗin ne gado ba, kuma a nan aikin yake.

Wanda ta ba ki tana da lafiya kika ɗauka kika kai gida, naki ne halak malak. Kyauta tana tabbata ne idan mai bayarwa ya yi niyya, ya miƙa, wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. A kan wannan shari'ar Musulunci da dokar da aka gada daga Ingila bakinsu ɗaya. Ki ajiye, ki bayar, ki sayar, ba mai tambayar ki. Abin da kawai zan so ki tanada shi ne wanda ya san an ba ki, ko hoton da ya nuna bargon a gidanki tun tana raye, saboda ranar da wani zai ce aro ne.

Na jikarta ya fi wuya, domin ya danganta da yadda Mama ta faɗi maganar. Idan cewa ta yi "na ba ta", amma bargon bai taɓa barin akwatinta ba har ta rasu, ba a kuma karɓar wa yarinyar ba, to kyautar ta faɗi, ya koma cikin gado. Hujjar malamai a nan sananniya ce, tana cikin Muwaɗɗa na Imam Malik: Sayyidina Abubakar ya ba 'yarsa Nana A'isha wasƙi 20 (wasƙi wani babban ma'aunin awo ne) na dabino daga gonarsa, ba ta kai ga girbewa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya shaida mata cewa da ta riga ta karɓe da ya zama nata, amma yanzu dukiyar magada ce. Idan kuwa cewa ta yi "in na mutu a ba ta", wannan wasiyya ce, kuma tana aiki, tunda 'yarki ba ta cikin masu gadon kakarta. Saboda haka ki zauna ki tuna ainihin kalmomin Mama, ki kuma tuna su wa ke wurin. Shaidarki ke kaɗai ba za ta wadatar ba, don ba a karɓar shaidar uwa a kan abin da zai amfani 'yarta. Amma in yayanki da ƙanwarki sun yarda cewa sun ji, magana ta ƙare, ba sai an nemo kowa ba.

Haka batun gidan marayu. In umarni ta bayar na abin da za a yi bayan ranta, wasiyya ce, kuma rashin faɗin adadi bai kashe ta ba, ku magada ne za ku ƙayyade. Iyakar wasiyya sulusi ce, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bn Abi Waƙƙas. Mutane da yawa suna kuskure a nan, sai su ɗauka sulusin bargunan ake nufi. Sulusin dukiyar mamaci gaba ɗaya ake lissafawa, bayan an cire kuɗin jana'iza an biya bashi. In Mama ta bar wasu kadarori, mai yiwuwa na jikar da na marayun duk su shige cikin sulusin ba tare da wata matsala ba.

Wanda ta miƙa wa ƙanwarki a ciwon da ta rasu a cikinsa kuwa, hukuncin wasiyya yake ɗauka, ko da ta sa mata shi a hannu. Ƙanwarki magajiya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun amince. Wato ke da yayanki ne za ku ce ta riƙe ko a mayar cikin rabo. Shawarata ku bar mata. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba, kuma bargon da uwa ta miƙa wa 'yarta a ƙarshen ranta, ko an sayar kuɗinsa ba zai yi wa kowa daɗin ci ba.

Duk wannan a kan cewa shari'ar Musulunci ce za ta raba gadon. A wuraren da ake bin tsarin Dokar Wasiyya ta Ingila ta 1837, wasiyyar baki ba ta da ƙarfi a kotu: sai an rubuta, mai ita ta sa hannu a gaban shaidu 2, kuma duk wanda ya tsaya shaida alhali an yi masa wasiyya a takardar ya rasa abin da aka ba shi. A can maganganun Mama buri ne da za ku cika mata don Allah.

Kafin ku ƙirga ragowar, ki duba ko akwai wanda wani ya kawo ƙyallayensa ko ya biya a ɗinka masa. Wannan na mai shi ne, ko an gama ko ba a gama ba.

Abin da ya rage, bisa aya ta 11 ta Suratun Nisa'i, namiji yana da kason mata biyu: yayanki rabi, ke rubu'i, ƙanwarki rubu'i, muddin babu wani magaji da ba ki ambata ba. Da ƙima ake raba irin wannan kaya, don babban bargo mai ƙananan ɗinki da ƙaramin na jariri ba ɗaya ba ne. Ku samo wanda ya san aikin hannu ya ƙiyasta kowanne, ku rubuta, sannan a kasa. In mutum biyu sun so abu ɗaya, a yi ƙuri'a. Ba a yanka bargo don a raba, tunda yankawar ɓarna ce. Ko dai ɗaya ya ɗauka ya cika wa sauran da kuɗi, ko a sayar a raba kuɗin.

Wannan ya kawo ni kan yayanki. Haƙƙinsa ne ya nemi kasonsa, ba ku da ikon tilasta masa ya ajiye ko ya yi sadaka. Shi ma ba shi da ikon sayar da naku. Hanya mafi sauƙi ita ce ke da ƙanwarki ku saye kasonsa a ƙimar da aka yi, ko a ba shi wani abu daga sauran dukiyar ya bar muku bargunan. Sulhu ne da shari'a ta yarda da shi. Ku rubuta a takarda, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. In akwai wanda ku biyun kuka kasa rabuwa da shi, kuna iya barin sa a tarayya, yana shekara a gidan wannan yana shekara a gidan waccan.

Bayan an raba, abin da ya faɗo hannunki sai yadda kika so. Ki dai sani cewa sadaka in ta fita ba ta dawowa, don haka kada ki yi gaggawa zuciya na cikin zafin rashi. Wata 5 ba wani lokaci ba ne. Wanda kike shakka a kansa, ki ba da shi aro ga 'yar uwa, ki faɗa mata a rubuce cewa aro ne, ko da saƙon waya. Wanda za ki kai gidan marayu, ki karɓi takardar shaidar sun karɓa, musamman in wasiyyar Mama kike cikawa da shi.

Kafin ranar zama, ki ɗauki hoton kowane bargo gaba da baya, ki sa masa lamba, ki tura wa yayanki da ƙanwarki jerin. Ki naɗe su cikin zanen auduga, ki ajiye inda babu laima kuma rana ba ta bugu, kada ki ƙulle su a leda. Mai riƙon amana ba ya biyan abin da ya lalace ba da laifinsa ba, amma in sakaci ya sa ɓera ko danshi ya ci su, to zai biya.